Takardar rakiyar manhaja: Abin da ya wajaba a faɗa da abin da za a bari

A zangon karatun da ya gabata, wata ɗalibata da ke rubuta kundin digiri na biyu a kan karin sauti ta kawo mini babi na huɗu domin in duba. Ban wuce shafi na uku ba na ajiye biro, domin jadawalin da ta kafa hujjarta a kansa ya nuna cewa kalmomin da karin sauti ko tsawon wasali kaɗai ke bambanta su sun yi ƙaranci ƙwarai a garin da ta yi bincike, abin da na san ba haka yake ba. Kuka na hawaye da kuka ta miya sun koma kalma ɗaya a lissafinta, haka ma gari na mutane da gari na tuwo. Da na tambaye ta sai ta ce, "Wallahi Malam ban taɓa komai ba, yadda na saba fitarwa haka na fitar." Gaskiya ta faɗa. Ashe makonni uku kafin nan ta sabunta 'yar manhajar da take tsara kalmomin da ita, sabuwar fitowar kuwa takan kawar da kai daga alamomin da ke saman wasula a lokacin da take cire maimaici, sai in mutum ya shiga ya hana ta. Bayanin da ya rako sabuntawar layi ɗaya ne tak, wai an yi gyare-gyare an kuma ƙara inganci. Da muka bi diddigi mun tarar da maganar sauyin a cikin dogon kundin aikin masu manhajar, tana kwance a tsakanin ɗaruruwan layuka da ba su shafi kowa ba sai su. Ba za a ce sun ɓoye ba, ba kuma za a ce sun faɗa ba, amma dai aikin makonni uku ya bi ruwa.

Wannan ne ya sa na ga ya dace in ja hankalin mai karatu zuwa ga wata 'yar takarda da akasarinmu ba mu taɓa buɗewa ba. Akwai nau'in manhajar da ake kira buɗaɗɗiya, wato wadda masu ita suka saki rubutun umarnin da aka gina ta da shi, kowa yana iya dubawa, ya gyara, ya kuma rarraba. Duk lokacin da irin wannan manhaja ta yi sabuwar fitowa, akan haɗo ta da bayanin abin da ya sauya tsakanin ta jiya da ta yau. Wannan bayani ne zan riƙa kira takardar rakiya, domin aikinta ya yi kama da na wasiƙar da ake haɗa ɗan aike da ita, mai shaida wa wanda aka aika wa abin da ke cikin kaya. Tambayar da ta daɗe tana raba kan maƙeran manhaja ita ce, daga cikin ɗaruruwa ko dubban sauye-sauyen da aka yi, wanne ne zai shiga takardar, wanne za a bari?

Kada wani ya ɗauka wannan gardamar Turawa ce da ba ta shafe mu ba. Wayar Android da ke aljihun mai karatu a kan Linux aka gina ta, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991. Alƙaluman asibitocinmu da ke tafiya daga ƙaramar hukuma zuwa jiha har zuwa Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, da manhajar DHIS2 ake tattara su, wadda ake kula da ita daga Jami'ar Oslo, ita kuma tana ajiye bayananta ne a rumbun PostgreSQL. Jami'o'i da dama suna koyarwa da Moodle, ɗakunan karatu suna lissafin littattafai da Koha, suna adana kundayen digiri da DSpace. Mu ma masu nazarin harshe ba mu da abokin aiki kamar Praat wajen auna sauti. Bambancinmu da masu ƙera waɗannan abubuwa shi ne halin da muke sabuntawa a ciki. A wurare da yawa ma'aikaci ɗaya ne ke riƙe da komai, ga wutar lantarki ba tabbas, ga tsadar intanet, ba shi kuma da kwamfuta ta biyu da zai gwada sabuwar fitowa a kai kafin ya ɗora ta a kan ta aiki. Saboda haka yakan daɗe bai sabunta ba, ran da ya tashi kuma sai ya tsallake fitowa uku ko huɗu a lokaci guda. Irin wannan mutum ba shi da abin dogaro sai takardar rakiya.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, takardar rakiya magana ce da ake yi wa mutumin da zai yanke shawara, don haka ma'aunin shigar da abu cikinta guda ɗaya ne: shin in mai amfani ya san wannan abu zai sauya abin da zai yi, ko in bai sani ba zai cutu? In amsar i ce, dole abin ya shiga, ko da layi ɗaya aka taɓa a cikin manhajar. In a'a ce, ba shi da gurbi, ko da wata shida aka yi ana fama da shi. Wahalar da maƙeri ya sha ba ita ce ma'auni ba. Mu a fagenmu muna koyar da ɗalibai ƙa'idojin zance guda huɗu da masanin falsafa ɗan Ingila Paul Grice ya shimfiɗa a wata maƙala da aka buga a 1975: mai magana ya ba da bayani daidai buƙata, kada ya gaza kada ya zarce, ya faɗi abin da ya haƙiƙance gaskiya ne, ya faɗi abin da ya shafi zancen, ya kuma faɗe shi a fili bisa tsari. Masu manhajar da ɗalibata ta yi amfani da ita sun karya ta farko ta fuska biyu. A takardar rakiya sun gaza, a kundin aiki sun zarce. Sakamakon kuwa ɗaya ne, domin wanda aka zube wa buhun hatsi da ƙaiƙayinsa aka ce ya tsinci tsakuwa guda, bai fi wanda ba a gaya wa akwai tsakuwar ba.

Tushen kuskuren shi ne haɗa takardu biyu da kowace ke da nata masu karatu. Akwai kundin aiki, inda ake rubuta kowane sauyi komai ƙanƙantarsa, da sunan wanda ya yi da ranar da ya yi. Wannan na maƙera ne, kuma tun da Torvalds ya ƙirƙiro Git a 2005 kusan kansa yake rubuta kansa. Linux takan fito duk bayan mako tara ko goma, kowace fitowa da sauye-sauye sama da 10,000, babu kuwa mai hankalin da zai ce wa ma'aikacin asibiti ya karance su kafin ya sabunta. Magabatan wannan harka sun gane haka tun da wuri. Ƙa'idojin aikin GNU, shirin da Richard Stallman ya kafa a 1983, sun tanadi takarda ta daban wadda za a riƙa sa sauye-sauyen da mai amfani zai gani da idonsa kawai, sun kuma yi umarnin kada a goge tsofaffin bayanai, a bar su a ƙarƙashin sababbi, domin wanda ya taso daga tsohuwar fitowa ya ga duk abin da ya wuce shi. Wannan umarni na ƙarshe kamar don mu aka yi shi. A 2014 kuma wani maƙerin manhaja mai suna Olivier Lacan ya fitar da wata 'yar jagora da ta karɓu sosai, inda ya kasa sauye-sauye gida shida: abin da aka ƙara, abin da aka sauya, abin da ake shirin cirewa, abin da aka cire, abin da aka gyara, da abin da ya shafi tsaro. Rabon ya yi kyau, sai dai bai amsa tambayar wanne ya fi cancanta ya zo a gaba ba.

A ganina abin da zai zo a sahun farko shi ne duk sauyin da zai sa abin da ke aiki jiya ya daina aiki yau, ko ya yi aiki ta wata fuska dabam. A nan PostgreSQL ta cancanci a yi koyi da ita. Takan yi babbar fitowa sau ɗaya a shekara, ta kula da kowace har shekara biyar, kuma a takardarta, kafin a shiga dogon jerin sababbin abubuwa, akwai sashe na musamman da ke lissafa abubuwan da suka saɓa da tsohuwar fitowa. Alal misali, a fitowa ta 15 da aka saki a Oktoban 2022 an janye izinin da kowane mai shiga rumbun yake da shi na ƙirƙirar teburin bayanai a sashen da ke buɗe ga kowa, a duk sabon rumbun da aka kafa. Dalilin tsaro ne ya kawo haka, kuma dalili ne mai kyau, amma manhajoji da yawa an gina su ne bisa zaton izinin yana nan. Wanda ya karanta wannan sakin layi ya shirya cikin 'yan mintoci, wanda bai karanta ba kuwa ya kwana yana neman abin da ya hana aikinsa tashi. Hausawa suka ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Sai dai ambaton sauyi kawai bai wadatar ba, sai an faɗi abin da zai haifar. Misalin da ya fi taɓa ni, saboda ya shafi haruffa, shi ne na glibc, wani ginshiƙi da kusan duk manhajojin da ke gudana a kan Linux suke jingina da shi, wanda a cikin ayyukansa har da tantance wane harafi ke gaba da wane wajen jera kalmomi. A fitowarsa ta 2.28, cikin Agustan 2018, an sabunta wannan ƙa'ida ta jerantawa domin ta dace da ma'aunin duniya, an kuma ambaci haka a takardar. Ga masanin harshe wannan ci gaba ne. Amma rumbun bayanai yakan ajiye fihirisa da aka jera bisa ƙa'idar da ya tarar, da ita yake gano abu cikin sauri. Mai karatu ya ƙaddara ƙamus ne aka tsara shi bisa cewa k da ƙ a cakuɗe suke, kafa na kusa da ƙafa, sai aka wayi gari aka ce wa mai dubawa ƙ tana zuwa ne bayan an gama duk kalmomin k. Zai buɗe shafin da sabuwar doka ta nuna masa, ya rasa kalmar, ya ce babu ita, alhali tana nan a inda tsohuwar doka ta ajiye ta. Haka ya faru ga waɗanda suka koma Debian 10 ko Red Hat 8 a 2019 suka ɗauki tsofaffin rumbunansu yadda suke ba tare da sake gina fihirisa ba: bincike yana iya tsallake abin da ke nan, ko a shigar da abu sau biyu inda bai halatta ba, kuma babu wata ƙararrawa da za ta kaɗa. Darasin a nan shi ne, jumlar da ta ce "an sabunta ƙa'idar jera haruffa" gaskiya ce, amma wadda ma'aikaci ke buƙata ita ce mai cewa "duk wanda ya ajiye abu a jere bisa tsohuwar ƙa'ida ya sake jera shi." Ta farko rahoton abin da aka yi ne, ta biyun ita ce ke gaya wa mutum abin da zai yi.

Abu na biyu da dole ya shiga shi ne laifin masu manhajar da kansu, musamman wanda sabuntawa kaɗai ba za ta warkar da ɓarnarsa ba. Wannan ne ya fi wuyar rubutawa, domin babu mai son tona asirin kansa. A Yunin 2022 masu PostgreSQL sun fitar da 14.4 ba a kan jadawalin da suka saba ba, suka bayyana cewa tun farkon fitowa ta 14 akwai kuskuren da ke iya sa fihirisar da aka gina yayin da rumbun ke ci gaba da aiki ta rasa wasu layuka ba tare da kowa ya lura ba. Ba su tsaya ga cewa sun gyara ba, sun gaya wa jama'a waɗanne fihirisa ne abin zai iya shafa, suka kuma ce a sake gina su. Da sun dunƙule maganar cikin "gyare-gyare" da mutuncinsu ya tsira na ɗan lokaci, bayanan mutane kuma su ci gaba da ruɓewa a ɓoye. Ni a wurina irin wannan sanarwa ce ke sa in ƙara amincewa da manhaja.

Na uku shi ne gargaɗin abin da ake shirin cirewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Harshen kwamfuta na Python ya koyi wannan darasi da tsada, bayan da sauyin da ya zo da fitowa ta 3 a 2008 ya raba jama'arsa biyu har sai da aka rufe babin tsohuwar a farkon 2020. Da suka tashi cire wasu tsofaffin sassa 19 da aka daina kula da su, sai suka sanar a fitowar 3.11 ta 2022, suka lissafa su ɗaya bayan ɗaya, suka faɗi fitowar da za a cire su, ba su kuma cire ba sai a 3.13 cikin Oktoban 2024. Shekara biyu ke nan mutum yana da damar neman madadi. Gargaɗin da ba shi da wa'adi kuwa ba a ɗaukarsa da muhimmanci, kamar mai bin bashin da kullum yake cewa zai zo.

Na huɗu, wanda ya fi kowanne jawo ce-ce-ku-ce, shi ne ɓarakar tsaro. Shekaru da dama Torvalds da manyan abokan aikinsa suna kan ra'ayin cewa kuskure kuskure ne, ba su ga dalilin yi wa na tsaro wata alama ta musamman ba. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: a cikin manhaja irin Linux kusan kowane kuskure yana iya zama kafar shigar ɓarawo, in kuma aka ware wasu aka ce su ne na tsaro, jama'a za su ɗauki waɗannan su yi watsi da sauran. Akwai kuma masu cewa bayyana ɓaraka tamkar nuna wa ɓarawo inda katanga ta tsage ne. A Fabrairun 2024 al'amarin ya juya, masu Linux suka karɓi ikon ba ɓarakokinsu lambar rajista da kansu, suka shiga bayar da ita ga dubban gyare-gyare a shekara, har wasu suka koma kukan cewa yawan ya hana a gane mai hatsari daga marar hatsari. Mai karatu zai lura cewa ƙa'idar Grice ta farko ce ta sake dawowa, daga gazawa an koma zarcewa. Matsayina shi ne a faɗa, bayan gyaran ya fito, a kuma faɗi wa abin ya shafa da irin girman hatsarin gwargwadon abin da aka sani, ba tare da koyar da yadda ake kutsen ba. Dalilina kuwa, a buɗaɗɗiyar manhaja ɓarawo mai ilimi yana karanta gyaran da kansa ya gano abin da aka toshe. Wanda shirun ke bari cikin duhu shi ne ma'aikacin nan namu guda ɗaya, da zai zaɓa tsakanin ya sabunta yau ko ya bari sai an biya kuɗin intanet na wata mai zuwa.

To, ina matsayin aikin da ba a gani, kamar ƙarin sauri? A nan ne ma'aunin nawa ke fuskantar suka mafi ƙarfi, kuma adalci ne in kawo ta. Bruce Momjian, ɗaya daga cikin jagororin PostgreSQL tun 1996, shi ne ya daɗe yana rubuta daftarin takardar babbar fitowa. Yakan bi sauye-sauyen shekara guda ɗaya bayan ɗaya ya tace su, kuma a bisa al'adarsa ba ya sa ƙarin sauri sai in ya kai mai amfani ya ji a jikinsa ko ya ba shi damar yin abin da da ba ya yiwuwa. Da ya fitar da daftarin fitowa ta 17 a Mayun 2024, wasu daga cikin manyan maƙeran, har da Andres Freund, sun nuna rashin gamsuwa. Hujjarsu ita ce, mutane da yawa saboda sauri suke sabuntawa, kuma barin irin wannan aiki a waje yana karya gwiwar masu yin sa, yana kuma sa kamfanonin da ke biyansu albashi su ga kamar ba a yi komai ba. Rabin farko na hujjar na karɓe shi, domin bai saɓa wa ma'aunin ba. In aikin da ke cin awa guda zai koma minti ashirin, wannan labari ne da zai sa mutum ya sabunta ko ya fasa sayen sabuwar na'ura, don haka ya shiga, tare da faɗin irin aikin da saurin ya shafa. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa abu don kawai a faranta wa wanda ya yi shi.

Wannan ba ya nufin a tauye wa ma'aikaci haƙƙinsa. Yabon gwani ya zama dole, balle a harkar da mutane da yawa ke aikin sa-kai, ladansu kawai a ga sunansu. Maganata ita ce yabo yana da nasa wuri. PostgreSQL ɗin dai takan sa sunan mai aiki a ƙarshen kowane bayani, tun daga fitowa ta 10 a 2017 kuma ta ƙara jerin godiya a ƙarshen takardar, mai ɗauke da sunayen waɗanda suka rubuta, da waɗanda suka duba, da waɗanda suka gwada, da waɗanda suka kawo rahoton matsala. Daga baya an maƙala wa kowane bayani mahaɗin da ke kai mai son zurfafawa zuwa ainihin sauyin a kundin aiki. Da haka an ba kowa nasa: mai sauri ya karanta sama ya wuce, mai bincike ya bi mahaɗi, ma'aikaci ya ga sunansa. Mu ma a kundin digiri shafin godiya dabam yake da tsakure, ba a kuma taɓa cewa an raina iyaye don ba a ambace su a tsakure ba.

Abubuwan da ba su da gurbi kuwa a bayyane suke: gyaran kuskuren rubutu a cikin bayanan maƙera, sauya wa wani sashe na ciki suna, sake tsara umarni ba tare da aikin ya sauya ba, da kuskuren da aka shigar aka kuma gyara kafin fitowar ta kai hannun kowa. Haka nan kalmomin talla irin su "gagarumin ci gaba" da "inganci marar misali", waɗanda ba sa ɗauke da labarin komai. Yadda ake faɗa ma yana da nasa hukunci. A rubuta da harshen mai amfani, a ambaci abin da yake gani a gabansa. Maimakon a ce an gyara aiki kaza a fayil kaza, sai a ce manhajar ta daina mutuwa in sunan fayil yana ɗauke da ɗ ko ƙ. Ya kamata kuma a tuna cewa mafi yawan masu karanta waɗannan takardu Ingilishi ba harshen uwa ba ne gare su, wasu ma da na'urar fassara suke karantawa, don haka barkwanci da karin maganar da sai ɗan gida ke ganewa ba su da amfani a wurin.

Ba na da'awar cewa takardar rakiya maganin kowace cuta ce. Ta dogara ne kacokan a kan amanar mai rubuta ta. A Maris na 2024 Andres Freund ɗin nan da na ambata ya gano cewa wani da ya shafe shekaru yana neman yardar masu manhajar matse fayil ta xz ya dasa ɓarauniyar hanya a fitowa ta 5.6.0 da 5.6.1, ɗaya daga cikin alamomin da ya gano kuwa jinkirin kusan rabin daƙiƙa ne wajen shiga wata kwamfuta. Ko shakka babu takardar da ta rako waɗannan fitowa ba ta ce uffan a kan haka ba. Akwai kuma illar da mai gyara bai hango ba, wadda ba zai iya rubuta ta ba tun da bai san da ita ba. Wannan ya nuna cewa karatu ba ya ɗauke wa mutum nauyin gwaji da ajiye kwafin bayanansa kafin ya sabunta. Amma kasancewar maƙaryaci na iya rubuta wasiƙa bai taɓa zama dalilin daina rubuta wasiƙa ta gaskiya ba.

Saura namu nauyin. Shugabannin ma'aikatu da jami'o'i su daina ɗaukar sabunta manhaja a matsayin danna maɓalli. Kafin a taɓa rumbun da ke riƙe da sakamakon jarrabawar ɗalibai ko alƙaluman marasa lafiya, a ba ma'aikaci lokaci ya karanta takardar kowace fitowa da zai tsallake, ba ta ƙarshen kaɗai ba, ya kuma kawo a rubuce abin da ya shafe su. Matasanmu da suka fara ƙera nasu manhajoji, na allon rubuta Hausa ne ko ƙamus ko na lissafin kasuwa, su ɗauki rubuta wannan takarda a matsayin ɓangaren aikin, su rubuta bayanin kowane sauyi a ranar da suka yi shi tun abin yana sabo a ransu, sa'annan su ba wanda bai san cikin manhajar ba ya karanta kafin su saki. In masu amfani da kayansu Hausawa ne, to a rubuta musu da Hausa, ko da sashen gargaɗin ne kawai. Masu koyar da ilimin kwamfuta kuma su riƙa ba da maki a kan wannan rubutu kamar yadda suke bayarwa a kan umarnin da ke gudana. Ga waɗanda ba su iya ƙera komai ba amma suna da alƙalami, wannan ƙofa ce ta taimakawa, domin da yawa daga cikin waɗannan ayyuka suna neman mai gyara musu bayani ido rufe.

Ɗalibar tawa ta sake lissafinta daga farko, tagwayen kalmominta sun dawo, babin kuma ya tsaya da ƙafarsa. Na sa ta rubuta wa masu manhajar ta bayyana musu abin da ya same ta cikin ladabi, ta kuma ba su shawarar jumla guda da za su ƙara a takardarsu, mai gaya wa duk wanda ke aiki da harshe mai alamomi a kan wasula ya duba wannan zaɓi kafin ya cire maimaici. Jumlar ba ta kai kalma talatin ba. Da tana nan tun farko, da makonni ukun nan ba su salwanta ba.